Yadda Dogon Dawa ya rasa masu shiga tsakani

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, bayan sulhu da 'yan bindiga, ake ta cacar baki. Wasu na cewa an ba ɓarawo lada, wasu na cewa ko ba komai an koma gona. Kaɗan ne ke tambayar yadda aka yi daji ya fi ƙarfin gari, alhali amsa irin wannan tambaya shi ne aikin ilimin zamantakewa.

Ilimin ya daɗe. A 1377 Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddima cewa mutanen jeji masu ƙarfin zumunci kan rinjayi birnin da mulkinsa ya yi sanyi. A 1919 Max Weber na Jamus ya ce hukuma ita ce wadda ita kaɗai ke da halaccin amfani da ƙarfi. A nan gida, M. G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau, littafinsa na 1960 ya nuna yadda sarauta ta ginu a kan ubangida da bara.

Masu ɗora laifi a kan talauci su tuna cewa talauci ya girmi bindiga a yankin. Masu cewa faɗan Hausa da Fulani ne, me za su ce da Fulanin da aka fara kwashe wa garke? A ganina, abin da ya tsinke shi ne igiyar da ta ɗaure ruga da fada. A zamanin En'e, arɗo ke tara jangali, don haka hakimi ya san kowace ruga da yawan shanunta. In shanu suka yi ɓarna, dagaci da arɗo ke yanke diyya. Dokar makiyaya ta 1965 ta so ta kare mashaya da burtali, amma mafi yawa a takarda suka tsaya. Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa sarakuna iko, dokar filaye ta 1978 ta miƙa ƙasa hannun gwamna, sannan a 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali. Talaka ya huta, gaskiya ne, amma ba a kafa komai a gurbin ba.

Da satar shanu ta yi ƙamari, gari ya kafa 'yan sa-kai, ruga ta sayi bindiga. A Oktoban 2012 mahara suka kashe mutane kusan 20 a ƙauyen Dogon Dawa da ke Birnin Gwari lokacin sallar asuba, don ɗaukar fansa a kan 'yan sa-kai. A Mayun 2018 aka kai wa ƙauyen Gwaska hari mafi muni. Daga baya 'yan ƙungiyar Ansaru suka shigo gabashin Birnin Gwari da wa'azi da alkawarin kariya, wato aikin da hukuma ta bari.

Jami'ar Ahmadu Bello na nan Zariya tun 1962. Kamata ya yi gwamnati ta tura masananta su ƙidaya rugage da burtalolin da aka nome, kafin ta sake sayen motocin sintiri.