Guguwar teku: dala nawa, kuma daga aljihun wa?

Duk lokacin da na zo darasin damina, nakan gaya wa yara cewa hadarin da ke ratsa samanmu daga gabas zuwa yamma ba a Yamai yake tsayawa ba. Wani yakan wuce Senegal, ya faɗa tekun Atlantika, ya sha ɗumin ruwa, ya rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. Da yawa daga cikin manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka da tsibiran Karebiyan, tsiron Afirka ne.

In aka jera su bisa kuɗi, Katrina ce kan gaba. Ta sauka a watan Agustan 2005, madatsun ruwan birnin New Orleans suka fashe, kashi 80 cikin ɗari na garin ya nutse. An ƙiyasta ɓarnar a kan dala miliyar 125, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Bayan haka hukumar makarantun birnin ta sallami malamai da ma'aikata sama da 7,000. A 2017 guguwar Harvey ta zuba ruwan da ya haura milimita 1,500 a wani yanki na jihar Texas cikin ƴan kwanaki, kusan ruwan damina uku na Yamai. Ita ma an sa ɓarnarta wajen dala miliyar 125.

Sai dai wannan jeri dukiyar da guguwa ta tarar kawai yake aunawa. Asarar Katrina, duk girmanta, kusan kashi 1 ne cikin ɗari na abin da Amurka ke samarwa a shekara. A wannan 2017 ɗin, Maria ta ratsa Dominika, tsibirin da mutanensa ba su kai dubu 80 ba. Ɓarnar wajen dala miliyar 1.3 ce, amma ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. A 2004 Ivan ta lalata kusan gida tara cikin goma a Girenada, ta tumɓuke itatuwan gyaɗar ƙamshi da manoma suka dogara da su, waɗanda sai an yi shekaru kafin sabon dashe ya yi ƴaƴa. A 1998, bayan Mitch ta kashe dubban mutane a Honduras, shugaban ƙasar Carlos Flores ya ce an mayar da su baya da shekara 50.

Mai garke ya rasa shanu goma, gwauruwa ta rasa akuyarta guda. A takarda shi ya fi asara, ita ce kuwa za ta kwana da yunwa. Mun ga irin haka a 2024, da ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba: gidajen laka ne suka fi rushewa, su ne kuma mafi arha a lissafi.

Malamai da iyaye, in yaro ya karanto mana adadin dala, mu koya masa ya ƙara tambaya: daga cikin nawa suke da shi, kuma me ya rage musu?