Bijimin Tagulla na Birmingham

Baƙon da ya sauka birnin Birmingham, a tsakiyar Ingila, da wuya ya tashi bai je ya ga Bijimi ba. Yana tsaye a ƙofar babbar kasuwar da a ke kira Bull Ring, watau Zoben Bijimi, ya sunkuyar da kai kamar zai kai suka. Da tagulla aka zuba shi, nauyinsa wajen tan 6, girmansa kuwa ya yi biyun na mai rai. Wani gwani, Laurence Broderick, shi ya yi shi, aka kafa shi a 2003. Kullum yara na hawansa, manya na shafa shi, har ya yi ƙyalli.

Asalin wurin kasuwa ne. A 1166 Sarkin Ingila Henry na Biyu ya ba mai garin, Peter de Birmingham, iznin cin kasuwa kowace Alhamis. A 1250 aka ƙara musu da iznin babban taro na kwana huɗu a shekara. Daga baya taron kaka ya fi suna, ana ce masa Bikin Albasa, don manoma su kan jibge albasa tuli-tuli kusa da cocin Saint Martin. Masu wasanni su kan cika wurin, har hayaniyarsu ta dami hukuma, aka kore su zuwa Aston a 1875.

To, zoben fa? Wani zoben ƙarfe ne da aka kafe a ƙasa. A kan ɗaure bijimi a jikinsa, sa'an nan a sako masa karnuka, su yi ta neman cafke hancinsa, shi kuwa yana watsar da su da ƙaho, jama'a na sowa. Mahautan zamanin sun ɗauka wai naman sa ya fi taushi in an wahalshe shi kafin yanka.

Bahaushe in ya ji wannan, hawan ƙaho zai faɗo masa a rai, wasan da mahautan Kano su ke yi. Nan ma da igiya a ke riƙe san, ana kiɗan kalangu. Amma akwai bambanci. Ɗan hawan ƙaho da ƙirjinsa ya ke tarar bijimi, in ya kuskure cikinsa ne a bakin ƙaho. Mutanen Birmingham kuwa kare su ke turawa, su koma gefe suna caca a kan wanda zai yi nasara.

Majalisar Dokokin Ingila ta hana wannan wasa a ƙasar duka a 1835. Zoben ya ɓace, sunansa ya zauna. Broderick bai sa wa bijiminsa igiya ba, bai kuma yi masa kare ko ɗaya ba. In wani biki ya zo, mutanen gari su kan ɗinka masa riga su sa masa.