Tatsuniyar Gizo Ba Ta Wuce Ƙoƙi: Daga Ɗakin Kaka Zuwa Katun Ɗin Zaki

Mu marubutan da ake kira 'yan adabin kasuwa an daɗe ana yi mana gori cewa labarinmu ɗaya ne, sunaye kawai muke sauyawa: kishiya muguwa, uwar miji mai baƙin ciki, Alhaji mai kuɗi da yarinyar da ba ta son sa. To duk wanda ya zauna da yara a Funtuwa ko Malumfashi da yamma, an kunna masu katun ɗin namun daji a waya ko a dish, zai ga ashe Turawa ma da dukiyarsu haka suke yi. Zaki sarki, kura muguwa, ƙaramin dabba mai surutu yana ba da dariya, a ƙarshe kowa ya koyi darasi. Abin da ya dame ni shi ne dabbobin namu ne, amma halin da aka ba su ba namu ba ne, kuma yaranmu wancan suke haddacewa.

Mu fara da tarihi, don kada a ce da ka nake magana. Tatsuniyar Hausa ta shiga takardar boko tun kafin Turawa su ci ƙasar nan. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, a can ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labarai, waɗanda suka fito cikin Magana Hausa a 1885. Bayan zuwan Turawa sai aka shiga tarawa gadan-gadan. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, kuma malamai ne, yawancinsu na Sakkwato, suka rubuta su da ajami. A 1913 ɗin kuma R. S. Rattray ya fitar da nasa, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana, Tremearne shi ma ya buga nasa mai tatsuniya 100. Wanda ya duba waɗannan littattafai zai tarar da mutanen da ya sani. Zaki manyan dawa yana nan, Dila malamin daji yana nan, Kura da kwaɗayinta da tsoronta, sannan Gizo da tsamin bakinsa da matarsa Ƙoƙi. Wato sama da shekara 100 ke nan ba wanda ya sauya wa ɗayansu hali, kuma ba wanda ya gaji da su. Da an ce Kura ta shigo, yaro ya san za ta sha duka, dariyarsa ta riga labarin.

Amma a lura da yadda aka raba masu matsayi, domin nan ne gizo ke saƙar. Daji a tatsuniya gari ne mai fada. Zaki yana da sarauta da ƙarfi, amma sau da yawa shi ake yi wa wayo. Dila yana yanke hukunci, kuma hukuncin yakan faɗa inda shi zai tsira da rabonsa. Kura tana da ƙarfi ba ta da kai. Shi kuwa Gizo ba shi da ƙarfi, ba shi da sarauta, ba shi da ko damin gero a rumbu, abin da yake da shi baki ne kawai. Talakan da ke biyan haraji da jangali, yana kai gaisuwa gidan dagaci, ya san wanda yake goyon baya a cikin waɗannan ba sai an gaya masa ba.

Kuma kusan kullum da yunwa ake farawa. Ana yunwa a gari, Gizo ya fita nema. Ku tuna tatsuniyar gayyar Gizo. Ya rasa nama, sai ya kira gayyar noma a gonarsa. Ya gayyaci kaza ya ce mata ita kaɗai ce, ya gayyaci muzuru, ya gayyaci kare, da kura, da damisa, har zaki, kowa da alƙawarin cewa abokin gabarsa ba zai zo ba. Ranar gayya kowa ya yi 'yar huɗa, da ya hango wanda ya fi shi sai ya ɓuya, Gizo kuma ya nuna maɓuyarsa da ido ko da baki. Na baya ya kashe na gaba, har manyan suka gama da junansu, Gizo ya kwashe nama ya kai wa Ƙoƙi, ga gona kuma an nome masa wani sashe. Duk wanda ya taso a Bakori ko Ƙafur ko Ɗanja ya san nauyin gayya: amana ce, yau a gonarka gobe a tawa, fura da tuwo ne ladan. Gizo ya ɗauki abin da ya fi komai tsarki a zaman ƙauye ya mai da shi tarko, kuma a yadda aka fi ba da labarin ba abin da ya same shi. Tsohuwa ta ce ƙurunƙus, yara su kwanta. Ba ta tsaya ta ce masu cin amana ba kyau, domin ta san sun gane, kuma abin da take son su ɗauka ya fi wannan ɗaci: in mai daɗin baki ya ce maka kai kaɗai ya gayyata, to ka tambaya wa ke tafe bayanka.

Ba kullum yake cin nasara ba, shi ya sa ba a gajiya da shi. Ya ci bashin Giwa ya ci na Dorina, ya ba kowace bakin igiya suka wuni suna jan juna, kowace tana zaton ƙarfin Gizo ne. Amma a wani labarin yana satar amfanin gona, aka kafa masa 'yar danƙo, ya yi mata magana ta ƙi amsawa, ya mare ta hannu ya manne, ya shure ta ƙafa ta manne, gari ya waye a kansa. Wannan na 'yar danƙo yana cikin abin da Tremearne ya tara, kuma ya yi tafiya mai nisa. Irinsa ya ƙetare teku a bakin bayin da aka kwasa daga Afirka, Joel Chandler Harris ya buga shi a Amurka a 1880 da zomo a matsayin Gizo da kwalta a matsayin danƙo, sannan kamfanin Disney ya zana shi a fim ɗin Song of the South a 1946. Ka ga ke nan tun da wuri katun ya ci daga tukunyar Afirka. Abin da ya rage a hanya shi ne yunwar, sai aka bar tsalle-tsalle da dariya.

Mu ma a nan gida mun ɗan wanke shi da ya shiga aji. Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce daga 1937, ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, ya sa su a bakin aku, kuma aku na fada ne, aikinsa ya tsare ɗan sarki ya koya masa hankali. Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo Tatsuniyoyi da Wasanni littafi 6 a farkon shekarun 1970, waɗanda da yawa daga cikinmu muka karanta a firamare, kuma Allah ya saka masa, don ba don shi ba da wasu sun ɓace. Sai dai abin da aka hana yi da rana ya koma darasin safe, malam yana tambaya mene ne wannan labari yake koya mana. NTA ta zo da Tales by Moonlight a 1984 da Turanci, can ma ana gamawa sai a tambayi yara darasi.

A daidai wannan lokaci dajin kansa yana ja da baya. Jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta samu hanya, injin gurza ya kafu, gona ta ci daji. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, taki da garmar shanu da hanyoyin karkara suka yawaita, masara ta mamaye inda a da saura ce da kurmi. Wannan alheri ne, ba mai musu, da shi aka ciyar da mu. Amma tsofaffin da suka ce kura na ɗaukar akuya a bayan danga sun ƙare ko suna ƙarewa. Zaki kuwa, ƙiyasin masana na 2014 ya nuna waɗanda suka rage a duk Nijeriya ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari. Sauran dazukan da ke yamma da mu, wajen Faskari da Sabuwa har Birnin Gwari, a shekarun nan ba don namun daji ake tsoron su ba, kuma hirar dare a dandali tana cikin abin da wannan tsoro ya kashe a ƙauyuka da dama. Yaron yau in ya ga kura ido da ido, to ko a gidan zu na Audu Bako a Kano, ko a hannun gardawa ranar kasuwa da takunkumi a baki, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Saura duk a allon waya ya san ta.

To wace kura ce a allon? A The Lion King na 1994 kuraye sojojin haya ne na Scar, wanda ya kashe wansa Mufasa ya ƙwace sarauta, ƙasa ta bushe, ba ta sake tsiro ba sai da ɗan sarki na jini ya dawo. Da aka mai da labarin shiri mai dogon zango, The Lion Guard, daga 2016 zuwa 2019, sai aka ba Kion ɗan Simba rundunar tsaro, ciki har da dage da dorina da balbela. Kowane kashi fasalinsa ɗaya: lafiya lau, kuraye ko wasu 'yan waje su keto iyaka, runduna ta taru, ɗan sarki ya yi ruri, a yi waƙa, a faɗi darasi. An sa wata kura ta kirki mai suna Jasiri don a nuna ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, amma kirkinta shi ne ta yarda da tsarin zaki. A nan mai ƙaramin ƙarfi bafade ne, aikinsa ba da dariya da biyayya. Ba inda za ka ga an ɗaure zaki da igiya an yi masa dariya, abin da kakanninmu suke yi masa a ɗaki cikin dare ba tare da fargaba ba.

Wani abin dariya, mu da Disney duk mun zalunci kura. Hans Kruuk, wanda ya bi kuraye dare da rana a Tanzaniya ya buga bincikensa a 1972, ya gano yawancin abin da suke ci su suka farauto, kuma a Ngorongoro sau da yawa zaki ne yake zuwa ya ƙwace nasu. Mace ce kuma ke shugabancin garkensu. Amma ko a zaluncin akwai bambanci. Kurarmu wawiya ce, ana tausayinta ana dariya, kowa yana da irinta a dangi. Tasu kuwa abokiyar gaba ce da ke zaune bayan iyaka, wadda maganinta kora.

Akwai wani fasali kuma, na Wild Kratts da aka fara a 2011, inda wasu 'yan'uwa biyu suke sa riga su samu ƙarfin dabba. A can dabba ba ta laifi, mugu kullum mutum ne: mai son mai da ita inji, mai son yin ado da ita, mai son dafa ta. Yara suna koyon abubuwa na gaskiya a ciki, ban raina shi ba. Sai dai an yi shi ne don yaron da bai taɓa wuni a kan dakali yana korar tsuntsaye daga dawa ba, bai taɓa ganin abin da birai ke yi wa masara a dare ɗaya ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Tinga Tinga Tales na 2010, wanda aka zana a Nairobi da salon zanen Tanzaniya, kowane kashi yana bayanin dalilin da ya sa giwa ta yi dogon hanci ko kunkuru ya tsattsage a baya. Wannan ƙarshen mun san shi, irinsa ne ya kai Gizo saƙon bango don kunya. Amma ko a can an cire haƙora, ba a cin kowa.

Masu zane sun fara tasowa a ƙasar nan, Adamu Waziri ya fara Bino and Fino a Abuja tun 2010, kuma tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 an ga cewa shirin Hausa zalla yana da kasuwa. Duk wanda ya ɗauko Gizo zai gamu da matsi ta ko'ina. Mai ba da kuɗi zai so darasin wanke hannu, iyaye za su ce kada a koya wa yara ƙarya, mai zane kuma da Simba ya girma, hannunsa can zai karkata. Abu mafi sauƙi shi ne a sa wa Gizo hula a mai da shi yaron kirki mai taimakon Zaki, a tura Kura bayan dutse tana ƙyaƙyata dariyar mugunta. Ni dai in aka ba ni rubutun kashi na farko, da gayya zan fara, a gonar dawa ta bakin hanyar Malumfashi, rumbu ba ko tsaba, Ƙoƙi ta ɗora tukunya ba abin zubawa, kuma kazar nan za a cinye ta.