Ɗanɗano a Cikin Hanji

Ɗanɗanon hanji shi ne yadda hanji yake gane abin da aka haɗiye, zaƙi ne ko ɗaci ko maiƙo. A bangonsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da irin furotin ɗin da harshe ke gane zaƙi da su, wato T1R2 da T1R3, sai dai mutum ba ya jin wani garɗi ta nan. Da sukari ya iso, sukan saki sinadarin GLP-1. Maiƙo kuma yakan sa a saki sinadarin CCK. Saƙon yakan bi jini da jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, abinci ya daɗe a tumbi, mai ci ya ƙoshi ya ture kwano. Maganin Ozempic ma aikin GLP-1 yake kwaikwayo.