Daga Kyandir Zuwa Leza: Tarihin Farautar Iskar Metan

A ƙarni na 18, akwai wani aiki a ramukan haƙar kwal na Ingila da sai mai ƙarar kwana ko mai taurin rai ke karɓa. Mutum zai lulluɓa da jiƙaƙƙen buhu, ya ja ciki cikin rami riƙe da doguwar sanda mai kyandir a baki, ya cinna wa iskar metan da ta taru wuta kafin sauran ma'aikata su sauko. Iskar ba launi, ba wari, sai dai a ji ƙararta. A 1812 ta tashi da ramin Felling, mutum 92 suka hallaka. Bayan shekara uku Humphry Davy ya ƙera fitila mai ragar ƙarfe, wadda harshen wutarta kan canza kama idan metan ta yi yawa.

A lokacin, tsoron bai wuce na fashewa ba. Sai a 1859 John Tyndall ya nuna a ɗakin gwajinsa na Landan cewa wasu iskoki na shanye zafi. Yau an san metan ta ninka kabon dayoksaid wajen ɗumama duniya kusan sau 80 cikin shekara 20.

Wannan shanyewar ita ce ta tona mata asiri. Bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Kalifoniya a 1960, masana suka koyi saita haskenta daidai da zangon da metan kaɗai ke sha. Ma'aikaci kan tsaya daga nesa ya haska bututu ko bango, hasken ya dawo, na'ura ta auna abin da ya ragu. Gwargwadon raguwar, gwargwadon iskar da ke tsakani. Kamfanin Tokyo Gas na Japan yana cikin waɗanda suka fara mayar da dabarar na'urar riƙewa a hannu.

Yoyon rumbun gas na Aliso Canyon a Kalifoniya, daga Oktoban 2015 zuwa Fabrairun 2016, ya saki kusan tan 100,000 na metan, ya kuma sa hukumomi ƙara tsananta sa ido kan masana'antu. Yanzu ana ɗora na'urorin leza a jiragen sama da marasa matuƙa, suna shawagi kan rijiyoyin mai suna nuna bututun da ke yoyo.