Layin kati da tabilet: yadda waya ta ci kasuwa a Gaya

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, aka tsaya a kan dala miliyan 285 kowane kamfani. Cikin Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kira kuwa naira 50 duk minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa kafin talaka ya fara numfashi. A ƙauyukan Gaya da Ajingi na jihar Kano an daɗe ana neman tudu, a ɗaga waya sama ko sabis zai kawo.

A wancan zamanin, a Turai da Amurka kuwa, kamfanin layi ne ke ba ka wayar da rahusa, ka sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu, duk wata a cire kuɗi daga asusunka. Da Apple ya fito da iPad a 2010, kafin shekarar ta ƙare kamfanonin layi na Ingila sun sa shi cikin wannan tsari. Haka tabilet ya shiga gidajen wasunsu, a biya kaɗan-kaɗan.

Irin wannan yarjejeniya tana son mai albashi, mai asusun banki, mai adireshin da za a same shi idan ya ƙi biya. Manomin Ajingi kuwa da kaka kuɗinsa ke zuwa, in ya sayar da gyaɗa ko gero. Don haka nan kati ya yi sarauta. Ka sa na ɗari, in ya ƙare ka yi fulashin, in ta matsa ka ci bashin kamfani a cire ranar da ka sake lodawa. Na'urar kuma da kuɗi hannu za ka saya, a Farm Centre cikin Kano ko wurin mai shago a gari. Wanda zai zaɓi abu ɗaya tsakanin waya da tabilet, ai wanda ke shiga aljihu zai ɗauka. Tecno da Itel sun gane wannan da wuri: layi biyu, batir mai juriya, fitilar haska hanya. Tabilet fa? Ga cin caji a garin da wuta ba ta zama, ga gilashin da in ya fashe gyaransa ya kusa kuɗin ƙaramar waya. Ko gwamnati, da ta tashi raba takin zamani a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, saƙon tes ta riƙa turawa wayoyin manoma.

Ta ƙofar aiki tabilet ya fi shigowa yankin. Ma'aikatan lafiya da masu ƙididdigar ƙungiyoyi su ne ake gani da shi a ƙofar gidaje, suna shigar da bayanai, ofis ne ya saya, ofis ke sa data. Mutane da yawa sun tsaya gaban irinsa ne a zaɓen 2023, lokacin da hukumar zaɓe ta INEC ta kai na'urar BVAS kowace rumfa. Ta duba yatsa ko fuska, ta ɗauki hoton takardar sakamako, in akwai sabis a tura. Da aka gama ƙirga, malaman zaɓe suka tattara na'urorin suka mayar wa hukuma.