Ƙwayoyin Falatinom a Kan Girafait: Rabon Arewacin Zamfara a Wannan Ilimi

A shekarar 1998 Reginald Penner da ɗalibansa na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka buga sakamakon wani bincike kan yadda ake sa ƙwayoyin falatinom su tsiro a fuskar girafait da ƙarfin lantarki, kowace ƙwaya ba ta kai nanomita 10 ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Mai karatu a Badarawa ko Shinkafi yana da hujja idan ya ce ina ruwan biri da gada. Wannan maƙala tana jayayya cewa akwai ruwan, sai dai ba ta fuskar da aka saba kawowa ba. Rabon wannan yanki a ilimin yana wajen awon guba, kuma aiki ne da ɗakin gwaje-gwaje na kwaleji zai iya farawa.

Tushen aikin tsoho ne. Tun 1805 Luigi Brugnatelli na Italiya ya lulluɓe azurfa da zinari ta hanyar lantarki, kuma da wannan dabara ake yi wa sarƙa da ɗankunne wankin zinari har yau. Ana narkar da gishirin ƙarfen a ruwa, a tsoma abin da ake so a rufe, a haɗa shi da waya. Ƙwayoyin lantarki da ke fitowa daga wayar su ne ke mayar da narkakken ƙarfe daskararre. Michael Faraday ya fitar da lissafin a shekarun 1830: nauyin ƙarfen da ya kwanta yana bin yawan lantarkin da ya wuce sau da ƙafa. A gishirin falatinom da aka fi aiki da shi, kowace ƙwayar zarra tana cin ƙwayoyin lantarki 4, don haka amfiya ɗaya na sakan ɗaya yana kwantar da kusan rabin miligiram. Bambancin mai wankin zinari da mai bincike a nan yake: na farko shimfiɗa yake so ta rufe ko'ina, na biyu kuwa yana katse wuta tun ƙwayoyin ba su taɓa juna ba.

Dalilin katsewar shi ne falatinom da fuskarsa kaɗai yake aiki. Yana gaggauta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, kuma ƙwayar zarrar da ke binne a ciki zaman banza take yi. Dunƙulen giram ɗaya fuskarsa ba ta kai santimita murabba'i ɗaya ba. Idan aka rarraba giram ɗin zuwa ƙwayoyi masu faɗin nanomita 3, fuskar ta haura mita murabba'i 90. Ƙarfen da duk duniya ba ta haƙo tan 200 nasa a shekara, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari daga Afirka ta Kudu yake fitowa, dole a yi masa irin wannan tattali.

Girafait, wato baƙin cikin fensir, shi ne filin shukar. Kabon ne tsantsa da aka jera faifai a kan faifai, tsakanin kowane biyu nanomita 0.335. Yana ɗaukar lantarki, ruwan asid bai cika cin sa ba, kuma irin wanda ake sarrafawa don bincike ana ɗaye samansa da salatif a samu sabuwar fuska sumul. To amma sumul ɗin bai cika ba. Akwai gaɓoɓi inda faifai ya yanke wani ya fara, kuma a nan ƙarfe ya fi son kamawa, domin ƙwayoyin kabon na baki suna da hannun da bai riƙe komai ba.

A nan matsalar take, kuma manomin gero zai gane ta kafin kowa. Gonar da ta tsira da ruwan sama ɗaya takan tashi kai ɗaya. Wadda aka yi ta korar ɓera a cikinta mako bayan mako kuwa, wani gero ya kai gwiwa wani yana ganye biyu, kuma wanda aka cusa kusa da ɗan'uwansa sai su yi ta rabon abinci. Ƙwayoyin ƙarfe haka suke: waɗanda suka tsiro a lokuta dabam-dabam girmansu ba ya zuwa ɗaya, maƙwabta kuma suna jan narkakken gishiri daga wuri guda. Benjamin Scharifker da Graham Hills sun fitar a 1983 da hanyar gane wane irin tsiro ne ya faru daga yadda lantarki ke hawa da sauka a sakannin farko. Ƙungiyar Penner ta lura da wani abu mafi ban haushi: falatinom yana fara kwanciya a gaɓoɓin girafait da kansa, tun ba a kunna wuta ba. Maganinsu shi ne su riƙe girafait ɗin a ƙarfin lantarkin da ke hana wannan satar fage, sannan su buga masa wuta mai ƙarfi ta ɗan lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, domin ƙwayoyin su tsiro gaba ɗaya. Daga baya ma suka mayar da aibin gaɓoɓin abin amfani: a 2001 suka ja siraran zarurrukan faladiyom a bakinsu, suka yi na'urar shinshino iskar haidirojin.

Galibin masu rubutu kan wannan fanni da batirin haidirojin suke kare shi, wanda William Grove ya fara nunawa a 1839 da falatinom. Ba ƙarya suke yi ba. Amma a ƙauyen da tocila da sola ne hasken dare, maganar motar haidirojin labarin kanzon kurege ne, kuma malamin da ya gina darasinsa a kanta ya rasa ɗalibansa tun a ƙofa.

Zamfara ta riga ta ga wannan ilimi yana aiki, ko da ba a gaya mata sunansa ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinari da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma da Bagega. Na'urar tafi-da-gidanka da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumar CDC ta Amurka suka auna jinin yara da ita, LeadCare II, da wannan dabara take aiki. Ana gauraya ɗigon jini da ruwan asid mai rauni don ya saki dalmar, a ɗiga a kan wani ɗan katin da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin zinari. Na'urar ta kwantar da dalmar a kansu da lantarki, sannan ta juya wutar ta kankare ta, ta ƙirga lantarkin da ya fita. Lissafin Faraday ke nan aka karanta daga baya zuwa gaba, cikin minti 3. Iyakar awonta maikirogiram 65 ne a desilita, kuma jinin yara da yawa ya zarce nan. Haɗarin bai tsaya a Anka ba: a 2015 ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Dutse yana tafiya a buhu, mahaƙa suna komawa garuruwansu, don haka nisan Zurmi ko Badarawa daga Bagega ba kariya ba ce.

Masanin kimiyyar sinadarai zai yi suka a nan, kuma sukarsa tana kan hanya. Falatinom bai dace da awon dalma ba. Baiwar da ta sa ake ƙaunarsa, wato saurin fitar da haidirojin daga ruwa, ita ce ke lulluɓe alamar dalmar da hayaniya. Shi ya sa aka daɗe ana aiki da zaiba, sannan a 2000 Joseph Wang da abokan aikinsa suka nuna cewa bismut da aka kwantar a kan kabon yana maye gurbinta ba tare da gubarta ba. Falatinom yana da nasa fagen: a 2006 ƙungiyar Richard Compton ta Jami'ar Oxford ta auna gubar arsenik da ƙwayoyinsa, kuma da shi ake gano sinadarin da wasu na'urorin awon sukari ke dogara da shi. Amsar sukar ita ce abin koyo a nan hannu ne, ba ƙarfe ɗaya ba. Ɗalibin da ya iya sarrafa tsiro da girman ƙwayar falatinom, wanda ya fi sauran gardama, bismut da zinari ba za su gagare shi ba.

Saura tambayar kuɗi. Falatinom ɗin da gwaji ɗaya ke ci maikirogiram ne, kuma bincike da yawa da aka buga sun yi aiki da baƙin fensir a matsayin sandar lantarki. Madubin da ke nuna ƙwayoyin yana da tsada ƙwarai, amma ba kullum ake bukatarsa ba: kowane santimita murabba'i na fuskar falatinom yana riƙe haidirojin da ya yi daidai da kusan maikirokulom 210, saboda haka na'urar daidaita ƙarfin lantarki kaɗai ta isa a lissafa faɗin fuskar da aka samu. Abin da ke kayar da irin wannan aiki a wurarenmu shi ne ruwan da bai tsarkaka ba, wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar awo, da rashin ingantaccen samfurin da za a gwada sakamako da shi. Wannan na ƙarshe ya fi sauran nauyi, domin na'urar da ta ce rijiya lafiya lau take alhali da dalma a ciki ta fi rashin na'ura haɗari.

Don haka kada a fara da jinin mutane. A fara da ruwan rijiya da ƙasar tsakar gida, inda ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na dalma a ruwan sha, maikirogiram 10 a lita, ya ba da abin kamawa, a riƙa tura rabin kowane samfuri zuwa Sakkwato ko Zariya don tantancewa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna kusa da waɗannan rijiyoyi, kuma su ya kamata su sa wannan aiki cikin binciken kammala karatu na ɗalibansu.